Hoton Fasfon Iya

Ni 'yar fari ce, don haka ban tashi a gaban mahaifiyata ba. Da aka yaye ni, ƙanwar babana da nake kira Gwaggo ta je ƙauyenmu da ke bayan Kirikasamma ta goyo ni ta kawo Haɗeja. A hannunta na yi karatun allo, a hannunta aka ɗauke ni boko, har na kai makarantar 'yan mata a Kano, na dawo aka yi mini aure. Mahaifiyata, da muke kira Iya, iyayenta daga wajen tafkin Cadi suka taso, tana da dogayen tsagar nan a kumatu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In na je gaishe ta, tana kallon tabarma take amsawa, ko ta juya ta tambayi na kusa da ita, "Ta ci abinci kuwa?" Ban taɓa jin haushi ba, haka kowace uwa take yi da na farinta. Sai dai da za a ce in faɗi yadda ƙwayar idonta take, da ba zan iya ba.

Mijina akawu ne a ofishin En'e, lokacin Turawa na nan. Bayan aikin ofis yana ɗaukar hoto. Wurin wani Bayarabe ya koya a Kano, ya sayo tsohon akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da ake lulluɓa. Ya keɓe ɗaki ɗaya kusa da zaure, mai taga guda da ke kallon arewa, ya rataya labule mai ruwan toka a bango, ya ajiye kujera. Malaman makaranta da 'yan doka da fatake su ne masu zuwa. Ni nawa shara da wankin labulen. Ban taɓa taɓa akwatin ba sai in zan kaɗe masa ƙura.

Shekara biyu bayan rasuwar babana Iya ta ƙudurta zuwa Makka. Ƙanenta ne zai tafi da ita a ayarin da zai bi ta gabas a mota da zarar ruwa ya janye hanya ta bushe. Hukuma ta ce sai da fasfo, fasfo kuma sai da hoto, a ga fuska sosai, a ga ido biyu. Aka kawo Iya Haɗeja don Malam, mijin nawa, ya ɗauke ta hoton.

Ba wanda ya yi tunanin abin da zai faru sai da muka gan shi. Suruki da suruka a ɗaki ɗaya! Malam ya shigo ba takalmi, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa yana gaisuwa kansa a ƙasa. Iya ta ja mayafi har haɓa ta karkata wajen bango. Shi ya kasa cewa ta ɗago, ita ta kasa ɗagowa. Gwaggo na tsakani tana ta masifa. "Matata, ɗago mana! Ba cizo yake yi ba." Haka take kiran Iya, matar wanta ce. Da ƙyar aka ɗauki wani abu. Da aka wanke sai ga mayafi da ɗan tsinin hanci. Aka dai aika, Iya ta koma ƙauye. Bayan mako uku takardar ta dawo daga Kano, an ce ba a ga fuska ba.

Ran nan Malam ya dawo daga ofis bai ko taɓa abinci ba. Ya ce saura kwana goma sha biyu a aika takardun ƙarshe na ayarin. Wanda nasa bai shiga ba sai wata shekara. Iya ga ciwon gwiwa, ƙanen nata kuwa ba zai sake zuwa ba balle ya zama muharraminta. Mai hoto na kusa da mu yana da nisa, kuma shi ma namiji ne, baƙo.

Sannan ya ce, "Malama, ke za ki ɗauka."

Malama yake ce mini saboda bokon da na yi, rabin girmamawa rabin tsokana.

Na ce, "Malam, ni da ban san gaban akwatin da bayansa ba?"

"Akwatin ba wuya, cikin yini ɗaya za ki iya. Hasken ne aiki."

Na ce, "Ka manta ni ma ba ta kallona."

Ya ce, "Ke dai ba ta juya miki baya. Mu fara da wannan."

Washegari da hantsi, kafin ya tafi aiki, ya ɗauko baƙin tulun da muke sanyaya ruwa, ya kife shi a kan kujera, ya yafa masa gyalena. Ya ce, "Ga baƙuwarki ta farko. Ba ta motsi, ba ta ƙorafi." Ya sa na shiga ƙarƙashin baƙin ƙyallen. Akwai wani gilashi mai dusu-dusu a bayan akwatin, a kansa ake ganin abin da za a ɗauka. Na ga tulun kai ƙasa, ƙafafun kujera a sama. Na fito da sauri na ce ya juya akwatin, ya kafa shi a birkice. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce haka kowa yake fitowa, ko Di'o ne ya zauna a kujerar nan da ka zai tsaya.

Ya ja kujerar kusa da taga, gefen tulun ɗaya ya yi haske, ɗaya ya nutse baƙi ƙirin. Ya ɗauko farin alawayyo da ya ɗaure a jikin kara biyu, ya tsayar da shi a gefen mai duhun. Ina kallo duhun ya saki, cikin tulun ya bayyana har da zanen da maginiya ta yi masa. Ya janye ƙyallen, duhu ya dawo. Ya matso da shi, duhun ya tafi. Na sa shi ya yi haka ya fi sau biyar. Ban taɓa lura cewa farin yadi yana karɓar haske ya miƙa wa na kusa da shi ba, alhali kullum ina shanya.

Duk da haka ban yarda da shi har cikin raina ba. Na ga ɗakin nan da duhu-duhu, ga rana a tsakar gida kyauta. Tunanina shi ne in fuska ta ƙi fitowa to haske ne bai isa ba, sai a ƙara. Rana ta uku, yana ofis, Gwaggo ta zo. Na ce ta zauna in gwada da ita. Na kinkimo akwatin na kafa a tsakar gida, rana na tsaka, ana shirin kiran azahar. Na zaunar da ita a turmi. Ta sha farin mayafinta, ta gyara zama, tana ƙifta ido tana zufa.

"'Yar boko, yi sauri, kin shanya ni kamar kuɓewa."

Fim ɗin fallaye ne, ɗaya-ɗaya ake sa shi a wani ɗan allo a zura a bayan akwatin. Na zura kamar yadda aka nuna mini, na cire murfin idon akwatin, na mayar. Na ji kamar na gama da duniya.

Da la'asar Malam ya shiga ɗan ɗakin da yake wanki, wanda ya toshe ko'ina da bargo. Ya fito da hoton yana ɗiga, ya miƙa wa Gwaggo. Mayafin ya ƙone fari fat ba ko lanƙwasa. Goshi da hanci suna ƙyalli, idanu kuwa rami biyu ne baƙaƙe, inuwar hanci ta sauko ta rufe baki.

Gwaggo ta riƙe shi nesa, ta matso da shi. Ta ce, "A'uzubillahi. Wannan wace ce? Ni na raine ki, na wanke miki kashi, ki saka mini da wannan? In kika kai wannan Makka ai jifa za a yi."

Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba. Fallayen fim shida suka rage a gidan, na ɓata ɗaya, kuma ba mai zuwa Kano a kwanakin. Malam bai yi faɗa ba. Ya zaunar da Gwaggo a tsakar gidan, ya ce in duba yadda rana in ta faɗo daga sama take tsayawa a goshi, gira ta yi wa ido rumfa. Ya ce baƙar fuska ba yawan haske take so ba, mai taushi take so, ya zo ta gefe, ya shafa ta a hankali. Tagar arewa rana ba ta shigowa ta nan, haskenta kawai ke shigowa, shi ya sa ya zaɓi ɗakin.

Daga ranar na daina gardama. In na idar da walaha sai in shiga ɗakin da tuluna. In matsa kujera taku ɗaya in leƙa gilashi, in juya ta kaɗan in sake leƙawa. Na gane in farin ƙyallen ya matso da yawa fuska takan baje kamar faifai, in ya yi nisa rabi ya ɓace. Na gane labulen baya in mutum ya jingina da shi inuwarsa takan manne masa, sai an ja shi gaba. Lokacin buɗe murfi Malam ƙirgawa yake yi da Turanci, ni kuwa na auna na ga daidai yake da subhanallahi uku ba gaggawa, sai na riƙe wannan. Na fara ganin haske a ko'ina. In maƙwabciya ta shigo aron rariya, ina amsa mata ina kallon inda inuwa ta kwanta a wuyanta. Rana ta bakwai na sake ɗaukar Gwaggo, a ɗaki. Ta duba ta ce, "To, wannan dai 'yar'uwata ce, ko ba ni ba ce." A wurinta yabo ne babba.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni. Na ce wa Gwaggo ta sunkuya kamar yadda Iya ke yi, ta jawo mayafi gaba. Nan take duk abin da na koya ya rushe. Hasken taga ya tsaya a kan mayafin, na farin ƙyalle ma haka, fuskar tana can ciki kamar a kogo. Malam ya kawo fitilar gas muka gwada, sai ta ƙara ƙona mayafin kawai. Ya ce shi maza yake ɗauka, masu tura hula baya su ɗaga haɓa, bai taɓa haɗuwa da wannan ba.

Saura kwana huɗu, ni da Gwaggo muka tafi ɗauko Iya. Ruwa bai janye daga fadama ba, sai a kwalekwale. A dawowa ne, da hantsi, Iya tana zaune a gabana tana fuskantata, don ba wurin juyawa. Kanta a sunkuye, tana jan carbi. Muka fita daga cikin duhuwar ciyawa muka shiga fili, ruwa shimfiɗe har iyakar gani, ga masunta can kwance a kan manyan gorunan da suke yawo da su a ruwa. Sai na ga haske yana rawa a ƙarƙashin mayafinta. Daga ruwan yake tasowa, yana hawa haɓarta, ya bi tsagar kumatun ɗaya bayan ɗaya, har fatar idonta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Na ƙura mata ido na manta kaina, sai da Gwaggo ta zungure ni ta ce, "Ke, rashin kunyar boko ce ta motsa?"

Na ce a raina, ashe daga ƙasa zan kawo shi.

Washegari Malam ya gaida Iya daga bayan katanga ya fice ofis tun da wuri, ya bar mana gidan. Na zaunar da ita gefen taga, na tsayar da farin ƙyallen a ɗaya gefen. Na ɗora mata farantin tangaran a cinya, hasken ya yi tsalle ya tsaya a haɓarta kamar tabo. Na kawo kwano da ruwa, ya yi ta rawa, wanda ba zai yi a hoto ba. Yadi nake bukata, fari, mai faɗi, wanda zai rufe daga cinyarta har gabana. Na Malam guda ɗaya ne, yana aiki a gefe. Zannuwana duk masu launi ne. Na tsaya ina juya hannu.

Iya ta ce wa Gwaggo, "Me take nema?"

"Farin yadi wai. Ni dai ban san ko ɗinki za ta yi mana ba."

"Ce mata ta kwance ƙunshina, yana ƙasa."

Na kwance. Alawayyo ne sabo, a ninke, yana ƙanshin bagaruwa da turaren da aka ajiye shi da su. Da na fara warwarewa na ga tsawonsa, hannuna ya tsaya. Likkafaninta ne. Ta saya za ta tafi da shi ta tsoma a ruwan Zamzam, kamar yadda tsofaffi ke yi.

Na ce, "Gwaggo, ba zan iya da wannan ba."

Iya ta ce, har yanzu da Gwaggo take magana, "Yadi ne. Bai san aikin da aka saye shi dominsa ba tukuna. In shi zai kai ni, ya kai ni."

Gwaggo ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "Kawo nan. Da ni da ita duk muna da irinsa, ke ma za ki saya. Ina za a sa?"

Muka shimfiɗa shi daga cinyar Iya zuwa kan wani benci a gabanta, na ɗan ɗaga bakinsa wajen taga. Hasken ya taso a hankali ya cika ƙarƙashin mayafin, ba ƙyalli, ba tabo. Na yi bisimilla na shiga baƙin ƙyallen.

A gilashin na gan ta kai ƙasa, ina murɗa akwatin har tsagar ta fito sarai. Sai na ga ta ɗago. Ba ta ganina, tulin baƙin ƙyalle kawai take gani da idon akwati, sai ta saki jiki tana kallonsa kamar yadda ake kallon baƙon abu. Idanunta ba baƙaƙe ba ne sosai, suna da ruwan ƙasa-ƙasa, na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta. Irin nawa ne. Na daɗe a ciki fiye da yadda aikin ke bukata. Zufa da hawaye suka haɗu, na goge da ƙyallen.

Na fito don in zura fim in tsaya gefe in cire murfi, yadda Malam ke yi. Ina fitowa kanta ya koma ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Matata, don Allah! Yanzu fa kika ɗago."

Iya ta ƙara sunkuyar da kai. Na koma cikin ƙyallen, ta ɗago. Na fito, ta sunkuya. Gwaggo ta fashe da dariya ta ce mun zama 'yan wasan ɓuya. Hantsi yana ta ɗagawa, na san in aka jima hasken tagar zai sauya.

Sai na zura fim ɗin, na koma na lulluɓa gaba ɗaya, na miƙo hannu ta gefen akwatin ina laluben murfin. In fim ya shiga, gilashin yakan toshe, ba abin da ake gani. Ina cikin duhu kamar makauniya. Na ce, "Gwaggo, ke ce idona. In sun ɗago ki gaya mini, amma kada ki sa su dariya."

Ina jin kaji a tsakar gida.

Gwaggo ta ce a hankali, muryar da ban san tana da ita ba, "Yanzu."

Na cire murfi. Subhanallahi, subhanallahi, subhanallahi. Na mayar. Muka sake na biyu don kada a ce, amma a na biyun hannuna ya bugi akwatin.

Da Malam ya dawo na bi shi ɗakin wankin, karo na farko. Muna tsaye a jan hasken 'yar fitilarsa, yana girgiza takardar a cikin ruwan magani. Mayafin ya fara fitowa, da lanƙwasarsa duka. Sai tsagar. Sai idanun, biyu, a buɗe, kowanne da ɗan ɗigon haske a ciki. Malam ya kau da kai da sauri, don ko a takarda bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce, "Malama, wannan ni ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Me kika sa a ƙasa?" Na gaya masa. Ya ce Allah ya sa ta je ta dawo da shi a ninke.

Da aka kai wa Iya ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa. Ta ce wa Gwaggo, "Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini."

Gwaggo ta ce, "Wa zai gaya miki, kullum kanki a ƙasa?"

Takardun suka tafi a kan lokaci. Kwanakin jiran sun fi na koyon wuya, don na san in an dawo da wannan ba sauran dama. Iya ta zauna wurin Gwaggo, ni ina zuwa da abinci, ba wanda ke tayar da zancen. Ran wata Alhamis da azahar Malam ya dawo a keke kafin lokacin tashi, ya tsaya a zauren Gwaggo ya aiko da ɗan littafi a cikin ambulan. Na buɗe, ga hoton an manna, an buga masa hatimi a kusurwa. Na karanta musu abin da aka rubuta da Turanci, na fassara. Iya ta sauko daga tabarma da gwiwar nan mai ciwo ta yi sujada a kan ƙasa.

Sun tashi da sanyi, sun yi wata tara. Ranar da ta dawo gidan Gwaggo ya cika da mata, ana ta karɓar dabino da ɗan kurɓin Zamzam. Ta rame, ta yi duhu, amma muryarta ta ƙara ƙarfi. Ina bakin ƙofa ina zuba wa baƙi ruwa, tana ba da labarin hanya, yadda ake sauke su a kowace iyaka a jera su a duba takardu. Ta ce akwai wadda aka tsare yini guda saboda hotonta bai nuna ta ba.

Wata ta ce, "Ke fa, Hajiya?"

Iya ta ce, ta ɗan ɗaga murya yadda zai kai bakin ƙofa, "Ni ko'ina aka buɗe, a dubi takarda, a dube ni, a ce in wuce. Har Jidda ba wanda ya tambaye ni sau biyu."